Rumana, Dietes ko airis mai gemu: wanne zai rayu a tsakar gidanka?

Kwanakin baya ƙanwata da ke aure a Kano ta turo mini wani hoto ta WhatsApp. Fure ne mai launin shunayya, kunnuwansa uku sun miƙe sama, uku sun sunkuyo ƙasa, kowane sunkuyayye da ɗan gashi a tsakiyarsa kamar gemun bunsuru. A ƙarƙashin hoton ta rubuta: "Yaya, irin wannan nake so a ƙofar falona. A ina ake samu?" Na ce mata ta riƙe kuɗinta tukuna, domin na riga ta yin wannan gangancin a nan Zariya, kuma na ga yadda ta kaya.

Sunan furen airis. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta bakan gizo, saboda kusan babu launin da ba a samu a cikinsa. Larabawa kuma sausan suke ce masa. Akwai wajen iri 300, amma dukkansu 'yan arewacin duniya ne: Turai, Asiya, Amurka ta Arewa, sai ƙasashen bakin Bahar Rum irin su Maroko da Aljeriya. Da zarar an ƙetaro Sahara zuwa kudu, babu airis na ainihi da ke tsirowa da kansa a daji. Danginsa ne muke da su, kuma ba kaɗan ba. Zuriyar da masana ke kira Iridaceae ta haura iri 2,000, kuma cibiyarta a Afirka take, musamman can kudancinta. Don haka mai neman airis a ƙasar Hausa manyan zaɓinsa uku ne. Akwai baƙo, wato airis mai gemu da ƙanwata ta gani a hoto. Akwai ɗan'uwa na nesa, Dietes, daga Afirka ta Kudu. Sannan akwai 'yar gida, wadda kakanninmu suka raɗa wa suna tun tuni, rumana.

Bari in fara sallamar baƙon, don maganarsa ba ta da tsawo. Airis mai gemu ɗan kudancin Turai ne da yankin Bahar Rum, inda ruwa ke sauka a lokacin sanyi, zafi kuma ya zo a bushe. Namu yanayin a juye yake. Shukar tana son makonni masu yawa na sanyi mai ratsa ƙashi kafin ta ƙulla fure, hunturunmu kuwa, duk kukan da muke yi da shi, bai kai nan ba: da asuba a Kano ma'aunin zafi ya sauka wajen digiri 13, kafin azahar ya koma kusa da 30. Ga shi saiwarta, wadda ke kwanciya a saman ƙasa kamar ɗanyar citta, ba ta jure zafi da laima a haɗe. Guda uku aka kawo mini tsaraba daga waje. Biyu suka narke a watan Agusta da wari irin na ruɓaɓɓen dankali. Na ukun ya shekara biyu yana fitar da ganye kore shar, ko fure ɗaya bai nuna mini ba, har na gaji na tuge shi na sa na'a-na'a a gurbinsa.

Wanda ke Jos, inda ƙasa ta kai wajen mita 1,200 sama da teku, ko a Gembu bisa tsaunin Mambila, yana iya gwada sa'arsa, amma can ma ruwan damina ya yi masa yawa. Sai dai a tukunya, a ƙarƙashin baranda inda rana ke kaiwa ruwa ba ya duka, a bar bayan saiwar a fili kada a binne, kuma kada ɗanyen taki ya taɓa ta. Akwai wani farin airis mai gemu, Iris albicans, ɗan tsaunukan Yaman da Saudiyya, wanda Musulmi suka riƙa ɗauka suna dasawa a maƙabartu har ya bazu zuwa ƙasar Andalus. Ya fi 'yan'uwansa jure zafi, amma shi ma ɗan tsauni ne, ba ɗan jigawar Daura ba.

To, sauran biyun nan ne ainihin gardamar take.

Wanda ya taso a karkara daga Zariya zuwa kudu, ko a gindin duwatsun Bauchi da Filato, da wuya bai taɓa wuce rumana ba, ko da bai kula ba. A cikin damina take fitowa tsakanin ciyawa, ganyenta miƙaƙƙe mai tsini kamar takobi, shi ya sa ma sunanta na Latin, Gladiolus, ke nufin ƙaramin takobi. Karan nata yakan kai mita ɗaya ko fiye, furanni su jeru a jikinsa, suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama, kowanne da kunne ɗaya da ya rufo daga bisa kamar mai lulluɓi. Launinta daga ruwan goro ne zuwa ja, da rawaya a maƙogwaro, wata kuma rawaya zalla. Wadda ta fi yawa ita ce Gladiolus dalenii, da ake samu tun daga Senegal har Habasha, ta gangara zuwa Afirka ta Kudu da Madagaska. An sa mata sunan Cornelius Dalen, shugaban lambun tsirrai na Rotadam a ƙasar Holan, a farkon ƙarni na 19. A wajen 1840 masu lambu a Beljiyam suka aura ta da wasu 'yan'uwanta, kuma daga wannan auratayya manyan furannin Gladiolus da ake sayarwa a shagunan duniya yau suka samo jini. Wato abin da ake shigowa da shi a kwali da tsada, kakarsa na nan a bayan gari awaki na tattaka ta.

Abin da ya sa nake fifita ta ga mafi yawan gidajenmu shi ne kalandarta irin tamu ce. A ƙarƙashin ƙasa tana da kai dunƙulalle kamar ƙaramar albasa, sai dai in ka yanka ba za ka ga ɓawo bisa ɓawo ba, tsoka ɗaya ce kamar gwaza. Ruwan farko na sauka ta farka, ta yi ganye, ta yi fure, kaka na shigowa ganyen ya bushe ta koma barci. Duk tsawon hunturu da bazara ba ta neman ko cokali ɗaya na ruwa, hasali ma ba ta ruwa a lokacin shi ne cutar da ita. Wanda ya san kuɗin da yake miƙa wa ɗan garuwa a watan Afrilu ya san darajar shukar da ba ta cikin lissafin jarka.

Shukarta ba wuya. A bari damina ta zauna, ƙarshen Mayu ko cikin Yuni gwargwadon gari. A nemi wurin da rana ke duka aƙalla rabin yini, ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. In laka ce, a haɗa da yashi a ɗaga kunya kamar ta dankali. A binne kan zurfin santimita 10 zuwa 15, tsinin na kallon sama, tazara kamar taƙi guda. Taki ya zama tsoho wanda ya ruɓe sarai, a cakuɗa shi da ƙasa, domin ɗanyen kashin awaki ko na kaji na ruɓar da kan kuma yana gayyato gara. Kada a jera su ɗaya-ɗaya kamar sojoji. A tara goma ko goma sha biyar wuri guda, sun fi kyau, kuma suna tallafar juna in iska ta taso. Bayan kamar wata uku za a ga fure. Mai son furen ya daɗe sai ya raba shukar kashi uku, mako biyu tsakanin kowace.

Inda mutane ke kuskure shi ne bayan furen ya ƙare. Ganyen ya fara muni, uwargida ta sa yara su yanke. Alhali a waɗannan makonni shida ne shukar ke tara abincin baɗi. Kan da ka shuka bana mutuwa yake yi, sabo ya fito a bisansa, da 'yan ƙananan 'ya'ya kewaye da gindinsa kamar wake. In ka yanke ganye da wuri, sabon kan zai fito ƙanƙane, baɗi ka sami ganye ba fure. Haka ma in za ka yanki kara don sawa a kwalba a ɗaki, yanke shi lokacin da furen ƙasa ya soma buɗewa, ka bar wa shukar ganye huɗu aƙalla. Ƙananan 'ya'yan nan kuwa kada a zubar, a shuka su gefe, cikin shekara biyu zuwa uku su ma za su yi fure. Da haka kawuna goma ke zama hamsin ba tare da an sake sayen komai ba.

Aibinta kuma ba ɓoyayye ba ne. Kara ɗaya mako ɗaya zuwa biyu yake yi da fure. Ko da an raba shuka, wata biyu ne na kallo a shekara, sannan wajen wata shida wurin fili ne fetal kamar ba a taɓa shuka komai ba. Wanda ke son ƙofar falonsa ta kasance kore ranar sallah, ko sallar ta faɗo a bazara, rumana ba za ta yi masa wannan ba. Kuma siffar furenta ba irin ta hoton ƙanwata ba ce, dangantakar a ganye aka fi ganinta. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu tsotse ganyen albasa ya yi fari-fari, danginsu na kama ta, musamman manyan irin da ake shigowa da su. Na kwalin sun fi girman fure da yawan launi, amma sun fi laushi, sai an kafa musu sanda, kuma sau da yawa ƙarfinsu na raguwa shekara bayan shekara. Ta dajin ƙaramar fure gare ta, amma ba ta san ciwo ba sosai.

Sai batun inda za a samo ta, kuma a nan ina da ƙorafi. Masu maganin gargajiya sun san rumana, ana haƙo kanta ana kaiwa kasuwa, kuma mai haƙa ba ya barin iri. In ka gan ta a daji tana fure, kada ka tuge ta a lokacin, mutuwa za ta yi. Kafa alama, ka nemi izinin mai gona in a gona take, ka dawo bayan ganye ya bushe kafin a sa wa daji wuta, ka ɗebi ƙananan 'ya'yan ko ƙwayar irin da ke cikin kwanson, ka mayar da uwar ka rufe. In a kasuwa za ka saya, matsa da yatsa: mai tauri da nauyi shi ne mai rai, wanda ya yi sakayau ko aka yanka aka shanya ya tashi daga iri.

Dietes ta bi wata hanya dabam. Iri shida ne, biyar a Afirka, ɗaya can a wani ɗan tsibiri mai suna Lord Howe a gabashin Ostireliya. Uku aka fi shukawa. Dietes grandiflora, 'yar gabashin Afirka ta Kudu, fara ce mai faɗin kusan tafin hannun yaro, da ɗigon rawaya da shunayya a tsakiya, furenta kan yi kamar kwana uku. Dietes iridioides ta fi ta ƙanƙanta, furenta yini ɗaya yake yi, kuma ita ce ta bazu a daji har gabashin Afirka. Dietes bicolor kuwa rawaya ce mai haske da tabo uku masu duhu. Duk wanda ya ga farar zai ce airis ce, in ban da gemu da babu. A nan ta yi wa rumana fintinkau.

Ba ta barci. Ganyenta kore ne shekara zagaye, yana tashi cunkus kamar tsaurin ciyawa har ya kai mita ɗaya, furen kuma zuwa yake yi kashi-kashi, ya ɓarke yau, ya ɗauke, bayan kamar mako biyu ya dawo, galibi in an yi ruwa ko hadari ya haɗu. Saiwarta irin ta citta ce mai rarrafe, kuma da ita ake yaɗa ta: a sa cebur a tsaga cunkuson, a dasa kowane ɓangare da ganyensa da jijiyarsa, ba da zurfi ba, tazarar santimita 60 zuwa mita ɗaya don za ta buɗe. Farkon damina ya fi dacewa da wannan aiki. Wani abu da ba kowa ya sani ba: karan furen fararen nan biyu ba ya mutuwa bayan fure ya faɗi, shi ne zai sake fitar da wani har shekara ta zagayo. Mai tsaftar da ke bi da almakashi yana datse shi, furen gobe yake yankewa. Kwanson iri kawai za a tsinke, in ba a son ta cika wurin da 'ya'ya, don tana zubar da iri sosai.

A littattafan lambu za ka ga an ce Dietes na jure fari, kuma gaskiya ne, shi ya sa ake jera ta a bakin tituna a Kalifoniya da Ostireliya. Amma farin da ake nufi ba irin namu ba ne. Inda ta fito ba a yin wata bakwai cur babu ɗigon ruwa, ga busasshiyar iskar hunturu, ga zafin da ke haura 40 a Sakkwato da Maraɗi. A wurinmu dole a ba ta ruwa da rani, sau biyu a mako in ta kafu, fiye da haka a shekarar farko ko in a tukunya take. Kuma ranar la'asar ta bazara na ƙona bakin ganyenta ya koma ruwan ƙasa. Wurin da ya fi mata shi ne gindin katangar da ke samun hantsi ta shiga inuwa da azahar, ko ƙarƙashin bishiya mai sakakkiyar inuwa. Inuwa mai duhu irin ta mangwaro kuma tana hana ta fure. Dabarar da na ga ta yi aiki ita ce dasa ta kusa da inda ake alwala, ruwan da ke gangarawa sau biyar a yini ya ishe ta, muddin ba ya taruwa ya zama kwata. Ruwan wanki mai omo dai a kai shi wani wuri.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, tambayar farko ba wanne ya fi kyau ba ce, tambayar ita ce wa zai ba da ruwa a watan Maris. Gidan da ke da rijiya ko burtsatse, da mutumin da ba ya tafiye-tafiye, Dietes za ta biya shi da kore na dindindin da furen da ke zuwa akai-akai. Gidan da ake sayen ruwa, ko ma'aikacin da ke kulle gida ya yi wata ba ya nan, rumana ce tasa. Mai zaman haya ma haka: in wa'adi ya cika da rani, ya tone kawunan ya zuba a kwando ya tafi da abinsa, a ajiye a inuwa mai iska inda ɓera ba ya kaiwa, ba a cikin leda ba don kada su gumu. Dietes da ta shekara uku a ƙasa kuwa sai an yi gumi kafin a ɗaga ta.

Ta fuskar ƙasa, rumana ta fi tsirfa, ba ta yafe wa ruwa mai kwanciya. Dietes na haƙuri da laka da tsakuwa da ƙasar da ba ta da ƙarfi. A gidan da aka yi wa daɓen siminti duka biyun na yi a tukunya ko tsohon bokitin fenti da aka huda gindinsa, amma bokitin roba a rana tsaka dafa saiwa yake yi, tukunyar ƙasa ta fi sanyi. Ta fuskar gari kuma, daga Kaduna zuwa Abuja da Jos, inda ruwan shekara ya haura milimita 1,000, kowacce ka ɗauka za ta yi. Daga Kano zuwa Katsina rumana na kan gaba. Can Damagaram, inda damina gajeriya ce, ita kanta rumana sai an taimaka mata da ban ruwa a ƙarshe don kan ya cika.

Gargaɗi ɗaya ya haɗa su duka. Saiwar airis da kan rumana ba abin ci ba ne, suna ɓata ciki, kuma suna cutar da dabbobin gida. Kan rumana ya yi kama da albasa ƙwarai, don haka kada a ajiye shi a madafa ko inda yara ke wasa, kuma jin cewa ana magani da shi ba izini ba ne na a jiƙa a sha. Mutanen tsaunukan Najeriya da Kamaru za su iya cin karo da wani ɗan dangin mai fure shuɗi zuwa shunayya a fadamun tudu, Moraea schimperi, wanda a cikin 'yan gida ya fi kowa kama da airis. Amma danginsa sun yi ƙaurin suna wajen kashe shanu a Afirka ta Kudu, ni ba zan kawo shi gidan da ake kiwo ba. Wanda kuma ya nace sai airis na ainihi, ya nemi Iris domestica, ɗan gabashin Asiya mai fure ruwan lemo da ɗige-ɗige ja, wanda sai a 2005 masana suka mayar da shi cikin airis. Yana jure zafi, sai dai ba gemu, ba shunayya.

Ƙanwata dai gidan haya take, ruwa saye suke yi, kuma ƙofar falonta yamma take kallo, rana na dukanta daga azahar har magariba. Na ce mata Dietes a wannan wuri wahala za ta sha, sai dai tukunya ɗaya a bayan ɗaki kusa da inda maigidanta ke alwala. Ƙofar falon kuwa na yi mata alkawarin kawunan rumana goma sha biyu daga cikin nawa in na tone bayan kaka. Ta ce, "Yaya, ai wannan ba shi ne na hoton ba." Na ce ba shi ba ne. Ta yi shiru, can ta sake rubutowa tana tambaya ko akwai mai rawaya a ciki, don labulen falon nata rawaya ne. Guda huɗu gare ni, na ware mata biyu.